Reshen Babban Banki a Zuru: Wa Zai Amfana da Shi?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai azurta bayinSa ta inda suke zato da inda ba sa zato. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwana matasa, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisunmu na ƙasar Zuru tun daga wahalar canjin kuɗi ta shekarar 2023, kuma takan sake tasowa duk lokacin da aka tayar da zancen ƙirƙiro sababbin jihohi. Maganar ita ce wai babban abin da ya rage wa Zuru ta shiga sahun manyan garuruwa shi ne Babban Bankin Nijeriya, wato CBN, ya zo ya buɗe reshe a nan, kamar yadda yake da shi a Birnin Kebbi da Sakkwato da Minna. Masu wannan ra'ayi suna ganin da a ce reshen yana nan, da ba mu sha abin da muka sha a 2023 ba. Wasu kuma sun ɗaura begen nasu ne ga Jihar Kainji, wadda sunanta ya fito a shawarwarin Babban Taron Ƙasa na 2014, ya kuma sake fitowa a cikin jerin jihohi 31 da aka karanta a Majalisar Wakilai a watan Fabrairun 2025. Lissafinsu mai sauƙi ne: Babban Banki yana da rassa 37, ɗaya a kowace jiha, ɗaya a Abuja, don haka in jiha ta samu, reshe ya samu.

Ni dai ina ganin wannan buƙata kuskure ce, kuma kuskuren ba ƙarami ba ne, domin al'ummar da ba ta da yawan bakuna a Abuja bai kamata ta ɓarnatar da ɗan abin da take da shi a kan abin da ba zai share mata hawaye ba. Ba na tuhumar niyyar masu wannan kira. Mafi yawansu matasa ne masu kishin garinsu, kuma zafin da suke ji na gaskiya ne. Abin da nake tuhuma shi ne fahimtarsu game da aikin Babban Banki, da kuma wata ɗabi'a da ta kama mu, ta auna ci gaba da tsawon gini da girman allon da aka kafa a bakin ƙofarsa.

Mu fara da tambayar da ya kamata a fara da ita: me ake yi a cikin reshen Babban Banki? An kafa wannan banki ne da dokar 1958, ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 1959, kuma tun daga ranar zuwa yau shi bankin gwamnati ne da bankuna. Manomin dawa na Dirin Daji ba zai shiga ya buɗe asusun ajiya ba. Tsohon sojan da ke karɓar fansho ba a can zai karɓa ba. Ɗalibin Jami'ar Noma ta Tarayya da ke nan Zuru ba zai je can ya ciri kuɗin da mahaifinsa ya turo masa ba. Aikin reshe shi ne ya adana takardun kuɗi a ma'ajiyarsa, ya ba bankunan kasuwanci sababbi, ya karɓi tsofaffi da yagaggu daga hannunsu, ya kula da wasu harkokin asusun gwamnati, ya kuma tattara bayanai ya aika hedkwata. Hatta musayar cak tsakanin bankuna, wadda a da ita ce ke tara ma'aikatan bankuna a reshe kowace safiya, yanzu ta na'ura ake yin ta. Wato dai reshen kamar babban rumbu ne da 'yan sari kaɗai ke shiga. Idan babu masu tebur a kasuwa, gina rumbun a tsakiyar gari ba zai kai ƙwayar hatsi ɗaya tukunyar kowa ba.

Kuma babu wata shawara mai nauyi da ake yankewa a reshe. Darajar naira, da adadin kuɗin ruwa, da yawan takardun da za a buga, da ranar da tsohon kuɗi zai daina aiki, duk a Abuja ake yanke su. Shugaban reshen Birnin Kebbi bai da ikon ƙara kwana ɗaya a kan wa'adin da aka sa a 2023, kuma da a Zuru yake zaune, haka nan zai kasance.

Yanzu bari in kawo hujjar masu wancan ra'ayi mafi ƙarfi, don kada a ce na zaɓi mai rauni na kayar. Ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da cewa za a sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Hujjarsa ita ce daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Sababbin takardu suka fara fita ranar 15 ga Disamba, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar ƙarshe, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Bayan wannan rana sai aka ce duk mai sauran tsofaffin 500 da 1,000 ya cike fom ta intanet ya kai su reshen Babban Banki. To, a nan kam mutumin Bena ko Wasagu yana da ikon ya yi kuka. An ce masa ya cike fom a wayar da ba ta da sabis, sannan ya ɗauki ɗan abin da ya tara ya yi tafiyar sa'o'i zuwa Birnin Kebbi, ta hanyar Dabai zuwa Mahuta zuwa Koko wadda ta shafe shekaru a lalace, a lokacin da 'yan bindiga ke tare hanyoyi, ya je ya bi layin da bai san ranar ƙarewarsa ba. Wannan zalunci ne, kuma ba na neman wa kowa uzuri a kansa.

Amma ku dubi abin da ya faru a garuruwan da ke da reshen. Kano tana da reshe. Kaduna tana da shi, Ibadan tana da shi, Benin tana da shi. Shin mutanensu sun tsira? A can ne ma aka fi ganin dogayen layuka, a wasu garuruwan kudu har aka ƙona bankuna aka rasa rayuka. Mutumin da gidansa ke kallon katangar Babban Banki a Birnin Kebbi shi ma ya kwana a gaban na'urar ATM. Dalili kuwa shi ne an janye kuɗi daga hannun jama'a ba tare da an buga isassun da za su maye gurbinsu ba, kuma rumbun da babu hatsi a ciki, kusa da nesa duk ɗaya ne. Abin da ya kawo sauƙi a ƙarshe shi ne ƙarar da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, wadda ta kai ga hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. A watan Nuwamban shekarar kotun ta cire wa'adin gaba ɗaya. Takardar shari'a ce ta cece mu, kuma ta cece mu tare da mutanen Legas a rana ɗaya.

Wasu da suka fi zurfin karatu sukan kawo misalin maƙwabtanmu. Sukan ce ai Maraɗi da Damagaram ba su ne babban birnin Nijar ba, amma Babban Bankin ƙasashe masu amfani da kuɗin sefa, wanda hedkwatarsa ke Dakar, yana da ƙananan rassa a cikinsu bayan babban ofishinsa na Yamai. Gaskiya ne. Sai dai Maraɗi ita ce cibiyar kasuwancin Nijar da Nijeriya, kuma bankunan kasuwanci da manyan alhazai masu shigo da kaya su ne suka riga reshen zuwa. Kuɗi ne suka taru har suka buƙaci ma'aji. A Amurka ma, ƙasar da ta ninka Nijeriya girma sau da yawa, bankunan yanki 12 kacal aka kafa bayan dokar 1913, kuma yau fiye da shekara ɗari ba a ƙara ko ɗaya ba, alhali babu ƙauyen da ake rasa wurin cire kuɗi saboda haka. A Jamus kuwa rage rassan Babban Bankinsu suka yi ta yi a cikin shekarun da suka gabata. Mu ne kaɗai muke ganin reshe a matsayin rawani.

Wannan ɗabi'a ta son rawani ta bayyana ƙarara a farkon 2024, lokacin da shugabannin bankin a ƙarƙashin Olayemi Cardoso suka yanke shawarar mayar da wasu sassa daga Abuja zuwa Legas, ciki har da sashen sa ido a kan bankuna. Manyan Arewa suka tashi tsaye, 'yan majalisa suka yi ta gargaɗi, matasa suka cika Facebook da zafafan kalamai. Ban ce babu abin dubawa a cikin wannan shawara ba. Amma ina wannan hayaniya take a lokacin da binciken EFInA na 2023 ya nuna cewa kashi 47 cikin ɗari na baligai a Arewa maso Yamma ba su da wata alaƙa da kowace irin hidimar kuɗi, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 26 ne? Kusan rabinmu ke nan. Kujerun ma'aikata sun tayar mana da hankali, rabin al'umma bai tayar ba.

Ga inda ciwon yake. Masarautar Zuru ƙananan hukumomi huɗu ne: Zuru, Danko/Wasagu, Fakai da Sakaba. Ƙasa ce ta noma, mai dawa da gero da masara da wake da gyaɗa, mai kasuwannin hatsi da dabbobi da fatake ke zuwa daga nesa, kuma ƙasa ce ta sojoji, wadda da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da gidan mai fansho ko matar mamacin soja ba. Amma mafi yawan garuruwa da ƙauyukan wannan yanki ba su da reshen bankin kasuwanci ko ɗaya. Duk wanda katinsa ya toshe, ko aka cire masa kuɗi ba su fito ba, ko yake son gyara lambar BVN, sai ya yi asarar yini da kuɗin mota. Wannan shi ne gurbin da ke buƙatar cikewa, kuma Babban Banki yana da ikon sa a cike shi ba tare da ya aza tubali ɗaya a Zuru ba. An taɓa yi. A shekarar 1977 ya fito da shirin bankunan karkara, ya rarraba wa bankunan kasuwanci garuruwa ya tilasta musu buɗe rassa, kuma kafin ƙarshen shekarun 1980 an buɗe ɗaruruwa a faɗin ƙasa. Daga baya aka saki wannan igiya. Bayan haɗe bankuna da Charles Soludo ya yi a 2004 zuwa 2005, inda aka ɗaga jari daga naira biliyan 2 zuwa 25, bankuna 89 suka koma 25, sai muka samu manyan bankuna masu ƙarfi waɗanda idanunsu ke kan Legas da Abuja da Fatakwal. A 2024 an sake ɗaga jarin har zuwa biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa. To me zai hana wakilanmu a Majalisar Tarayya su tsaya a kan cewa duk bankin da aka ba lasisin aiki a ƙasa baki ɗaya, a ɗora masa sharaɗin yawan rassa a ƙananan hukumomin da ba su da ko ɗaya? Wannan buƙata ce da ɗan majalisar Borno da na Ebonyi za su iya sa hannu a kanta tare da namu. Buƙatar reshen Babban Banki a Zuru kuwa mu kaɗai za mu ɗauke ta, kuma washegari Yawuri da Argungu da Kontagora za su ce su ma sai an ba su.

Na san abin da bankuna za su ce: tsaro. Kuma ba ƙarya suka yi ba. Bayan fashin Offa na watan Afrilun 2018, wanda aka kashe mutane fiye da talatin, kowane banki yana tunani sau biyu kafin ya ajiye kuɗi a ƙaramin gari. Mu kuma ba sai an ba mu labari ba. A watan Maris na 2022 an kashe 'yan sa-kai fiye da sittin a yankin Sakaba, a watan Nuwamban 2025 kuma aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga aka kashe mataimakin shugaban makarantar aka sace ɗalibai, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. A Zamfara da muke iyaka da ita an taɓa rufe layukan waya gaba ɗaya a watan Satumban 2021, kuma ranar da aka rufe waya, ranar aka rufe tiransifa da POS. Amma wannan hujja kaifi biyu gare ta. Idan hanya ba ta da amincin da motar kuɗin ƙaramin banki za ta bi, ta yaya za ta yi amincin da za a ajiye biliyoyin Babban Banki? Wanda ya roƙi reshe kafin ya roƙi aminci a hanyar Ribah zuwa Bena ya fara gini ne daga rufi.

Malamanmu na fiƙihu suna da ƙa'ida sananniya, cewa duk abin da shugaba zai yi da dukiyar jama'a, halaccinsa yana rataye ne da maslahar jama'ar. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje mai suna Usulus Siyasa, abubuwan da ya ɗora wa shugaba su ne raya ƙauyuka, da ƙarfafa masu sana'o'i, da gyaran kasuwanni da hanyoyi da gadoji. Wannan ma'auni ne da maƙwabcinmu Kirista da ke sayar da masara a kasuwa ɗaya da mu zai yarda da shi, domin yunwar kuɗi ta 2023 ba ta tambayi kowa addininsa ba. Ku ɗora reshen Babban Banki a kan wannan ma'auni. Katafaren gini mai doguwar katanga, da jami'an tsaro da za a ɗebe daga inda ake buƙatarsu, da ma'aikatan da mafi yawansu daga wasu wurare za a turo su. Masu gidajen haya za su ji daɗi, 'yan kwangila za su ji daɗi, ɗan siyasar da ya yanke ƙyalle zai sa hoton a fosta. Matar da ke sayar da ƙosai a tasha za ta ci gaba da biyan mai POS kamar jiya.

Ga kuma abin da ya fi damuna a matsayina na mai koyar da yara fiƙihu, wanda masu kiran a kawo reshe ba sa son a taɓa. A watan Fabrairun 2023 takardun kuɗi sun yi ƙaranci, amma ba su ɓace ba. Suna hannun wasu daga cikinmu, kuma sayar da su muka yi. Mutum zai tura naira dubu goma sha biyu, wani wuri sha uku, a miƙo masa dubu goma a hannu. Manoma sun karyar da hatsi da awaki ga duk wanda ya zo da tsabar kuɗi, wasu 'yan kasuwa kuma suka sa farashi biyu, na tsaba daban na tiransifa daban. Waɗanda suka yi wannan ba daga Abuja aka turo su ba. Da yawansu muna haɗuwa a sahun gaba da asuba.

Hukuncin wannan a bayyane yake. A hadisin Ubada ɗan Samit da ke cikin Sahihu Muslim, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ambaci abubuwa shida, zinariya da azurfa da alkama da sha'ir da dabino da gishiri, ya shar'anta cewa idan za a musanya ɗayansu da jinsinsa, sai daidai da daidai kuma hannu da hannu, wanda ya ƙara ko ya nemi ƙari ya ci riba. Kada wani ya ce ai naira takarda ce, ba zinariya ba. An ruwaito a cikin Mudawwana cewa Imamu Malik ya ga ko da fatu ne mutane suka yarda da su a matsayin kuɗi aka buga musu hatimi, to ba ya son a musanya su da zinariya ko azurfa a kan jinkiri. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta tabbatar da cewa takardun kuɗi suna ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa a babin riba da zakka da sauransu. Saboda haka dubu goma da dubu goma sha biyu riba ce, ko da ɗaya tana aljihu ɗaya tana waya. Ku koma ƙarshen Suratul Baƙara, daga aya ta 275 zuwa ta 279, ku ga irin shelar yaƙin da aka yi wa wanda ya ƙi bari.

Ban ce sana'ar POS haramun ce ba, kada a ɗauki maganata a kai inda ban kai ta ba. Yaron da ya sayi na'ura, ya kama rumfa, ya hau babur ya je banki ya bi layi, ya ɗauki kasadar ɓarayi, yana da haƙƙin ladan aikinsa, kuma malamai da dama sun ɗauki ɗan abin da yake karɓa a matsayin lada na hidima. Su ne ma suka riƙe karkararmu a inda bankuna suka guje ta. Amma lada yana bin wahalar aiki ne. Idan wahalar ba ta ƙaru ba, sai dai ganin idon mai buƙata ya yi ja, naira ɗari biyu ta koma dubu biyu, to kowa ya san abin da ake sayarwa a wannan lokaci, kuma canza masa suna ba ya canza masa hukunci. Haka nan masu sayar da sababbin takardu a ƙofar wurin biki don a yi liƙi. Wannan ko dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta shi, ta sa ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000, balle shari'a. Ina tabbatar muku, da za a buɗe reshe a Zuru gobe alhali zukatanmu suna yadda suke, sababbin bandir-bandir za su fi saurin isa wurin biki fiye da kasuwar hatsi.

Akwai darasi na biyu, kuma a jiharmu aka fara shi. Ranar 17 ga Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi. Babban Banki ne ya ɗauki nauyinsa, kuma ya kai ga manoman shinkafa a fadamun da ba su taɓa ganin ƙofar reshe ba, ta hannun bankuna da ƙungiyoyin manoma da kamfanonin casar shinkafa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa in bankin ya so isa ga manomi, ba sai ya tare a garinsu ba. An raba sama da naira tiriliyan ɗaya a faɗin ƙasa. Rancen yana da ruwa na kashi 9 cikin ɗari, kuma sai a 2020 aka fitar da tsarinsa marar ruwa, wato shekara biyar manomi Musulmi yana tsakanin buƙata da tsoron Allah, mu masu ilimi kuma ba mu ɗaga murya yadda ya kamata ba. Sannan wani kaso mai yawa na kuɗin bai dawo ba. Wasu ambaliya ce ta cinye su, wasu 'yan bindiga suka kore su daga gona, waɗannan Allah Ya san uzurinsu. Amma wasu cewa suka yi rabonsu ne na arzikin ƙasa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan bashi ta sauka, kuma an kawo wa Annabi gawar mai bashi ya ƙi yi mata salla har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Bayan zuwan Cardoso a 2023 bankin ya janye hannunsa daga irin waɗannan shirye-shirye. Ƙofar da aka buɗe a Kebbi ta rufe, kuma muna da hannu a rufewarta.

Idan har za mu rubuta takardar koke, to mu rubuta wadda za ta yi aiki. Mu nemi reshen Birnin Kebbi ya riƙa fitowa, ya tabbatar bankunan da ke wannan yanki suna samun isassun takardu, musamman ƙanana, a lokacin kaka da gab da salla da kirsimeti, ya kuma riƙa karɓar yagaggun kuɗin da ke jawo faɗa tsakanin mai shayi da ɗan acaɓa. Mu nemi a duba iyakar da aka sa a watan Disamban 2024, ta naira 100,000 a rana ga mai cire kuɗi a POS, domin wanda ya zana ta bai taɓa tsayawa a kasuwar shanu ba. Mu nemi sabis na waya mai ƙarfi a garuruwan kasuwa. Mu kuma je mu ƙwanƙwasa ƙofar bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, mu nuna musu da alƙaluma cewa akwai ciniki a nan. Dattawa da yawa da ke binne kuɗi a cikin rumbu ba jahilci ne ya hana su zuwa banki ba, tsoron riba ne, kuma waɗannan bankuna ne kaɗai za su iya fito da su.

Akwai ma wanda ba sai mun roƙi kowa ba. A ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2019, naira miliyan 50 ne jarin ƙaramin bankin al'umma na karkara, kuma dokar ta yarda a kafa shi a kan tsarin da babu ruwa. Garin da ya haifi janar-janar da manyan ma'aikata da fataken hatsi bai fi ƙarfin miliyan 50 ba, kuɗin da bai kai na motar hawa ɗaya ta wasu manyanmu ba. Irin wannan banki zai iya yin cinikin salam, wanda Annabi ya tarar da mutanen Madina suna yi ya tabbatar musu da shi bisa sharaɗin a san mudu, a san nauyi, a san lokaci: a biya manomi kuɗin buhunan dawa tun da damina ya sayi taki, ya kawo dawar da kaka. Zai iya sayen keken ɗinki ko injin niƙa ya sayar wa mace da riba sananniya ta biya a hankali. Zai iya riƙe adashin 'yan kasuwa a rubuce, da shaidu, yadda ayar bashi ta koyar. Ku matasa da kuka karanta lissafin kuɗi da tattalin arziki a Sakkwato da Zariya da Aliero kuke zaune babu aiki, ku ne za ku rubuta tsarinsa, ku kai wa dattawa da malamai da shugabannin kasuwa, Musulminsu da Kiristansu. Takardar neman lasisin kuma Babban Bankin za a kai wa, tafiya ɗaya ce, mutum biyu sun isa su kai ta.